Sha-Kwana da Igiyar Yaya

Maigidana tela ne. Shekara talatin da ɗaya yana kan keke ɗaya, kuma duk layinmu ba mai kiransa da wani suna sai Sha-Kwana. Ni ba na kiransa haka, ina da kunyata daidai gwargwado, amma in aka kira shi ba zan ce sharri aka yi masa ba. In yana tafiya a hankali ba za ka ga komai ba, salihin mutum, kai a ƙasa, tef a wuya. Amma da zarar ya ɗaga ƙafa da sunan gudu, shi ke nan, sai hagu. Ranar da iska ta ɗauke yadin wani mutum daga ƙofar shago, ya bi shi a guje. Yadi ya miƙe gabas, shi kuwa ya zagaye rumfar mai faci ya dawo ƙofar shagonsa yana haki, yana tambaya wa ya matso da shagon nan.

Laifin keken ne, ko in ce laifin taurin kai. Teburin keken ya gada ne daga wanda ya koya masa ɗinki, kuma ƙafar teburin ɗaya gajera ce. Tun yana ɗan koyo ya gano cewa in ya cusa ƙafarsa ta hagu ya tokare wurin, teburin zai daina rawa. To haka aka zauna. Dama tana taka feda daga safe zuwa yamma, hagu tana can ƙasa tana aikin katako. Sau nawa na ce masa, "Don Allah ka samo ɗan guntun katako ka sa a wurin nan," sai ya ce katako bai san lokacin da keke ke son a sassauta masa ba. Ƙafar dama ta zama kamar taɓarya, ta hagu kuwa in ya tattare wando sai ka tausaya mata.

Duk wannan abin dariya ne kawai, har Yaya ya dawo gidanmu.

Yaya wansa ne, ya girme shi da shekara shida, kuma shi ya rene shi bayan iyayensu sun rasu. Shi ya riƙe hannunsa ya kai shi koyon ɗinki. Aikinsa raba wasiƙu, amma abin da aka san shi da shi gudu ne. Kullum da safe sai ya yi, ba abin da ya koro shi, ba wanda yake bi, haka kawai don yana so. Sai idonsa ya fara dushewa a hankali, har shekara biyu da suka wuce ya rufe gaba ɗaya. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, muka gyara masa ɗakin gaba. Ya zauna a kujera da rediyonsa, bai ƙara leƙa ƙofar gida ba. Aka kawo sanda ya ce a kai wa tsofaffi. Ƙafafunsa suka fara kumburi, likita ya ce mana a fili, in mutumin nan bai motsa ba zuciyarsa ba za ta kai shi nesa ba.

Wata safiya muna shan shayi sai Yaya ya ajiye kofi ya ce, "Auta, na ji a rediyo makafi suna gudu. Igiya ake riƙewa, mai ido gefe ɗaya, makaho gefe ɗaya. Ka ɗinka mana."

Na kusa ƙwarewa. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan ƙanin naka fa ka san yadda yake gudu. A nemo maka wani."

Ya ce, "Ni ba zan ba baƙo hannuna ba. Auta ko babu."

Maigida ya kwana biyu yana ɗinka igiyar nan. Ya yi mata madauki biyu, ya sa mata shafi a ciki don kada ta ci hannu, har ɗan ado ya yi mata da zare ja, wai don ta yi kyau. Na ce wa zai ga kyan, ya ce shi.

Akwai wata hanya a bayan makaranta, miƙaƙƙiya sak, ba mota sosai, sai dai kwata a gefen hagu. Wannan hanya suka zaɓa, kuma maigida ya tsaya a hagun Yaya, wato tsakaninsa da kwatar, wai don ya kare shi. Ni ina baya da gorar ruwa ina lissafi. Taku goma lafiya. Taku ashirin na ga igiya ta miƙe. A na talatin na fara ihu, "Dama! Ka yi dama!" Yana ɗaga mini hannu wai ya ji. A taku na arba'in na daina ganinsu, sai ƙafafu huɗu a sama.

Yaya ya yi targaɗe a idon sawu, maigida ya bugu a gwiwa. Da muka fito da su, Yaya yana share ruwan kwata daga gemunsa, abin da ya ce kawai shi ne, "Ba komai, Auta. Dama ni na matsa." Da ma zagi ya yi, wallahi da ya fi mana sauƙi. Muna isa gida ya juya kujerarsa ta fuskanci bango, mutumin da ba ya ganin bangon ma, ya kashe rediyo. Abinci in na kai masa rabi yake dawowa. Na tsorata ƙwarai, don na san in bai sake fita ba, daga kujerar nan za mu ɗauke shi.

Gwiwar maigida ta kumbura, muka je asibiti, aka rubuta mana takarda aka ce mu je sashen gashi. Ya karanta ya shafa sanƙonsa ya ce, "To ni da ba ni da shi, me za su duba?" Na ce ba wannan gashin ba, gasa ka za su yi, kuma ka cancanta. Ashe duk mun yi kuskure. Ba wuta, ba almakashi, sai wani ɗaki mai tabarmi na roba da manyan ƙwallaye, da wata likita 'yar ƙarama mai fara'a wadda ba ta wuce sa'ar 'yarmu ta fari ba.

Ta jira kumburin ya sauka, mako biyu, sannan ta fitar da shi baranda inda akwai farin layi a ƙasa. Ta ce, "Baba, ɗan yi gudu a kan layin nan in gani." Ya gyara tsayuwa, ya ɗiba, ya ƙare a ɗakin awon ciki da ke hannun hagu. Ya fito yana ba mata masu ciki haƙuri. Ta ce a sake. A karo na uku nas ɗin wurin ta gaji, ta buɗe masa ƙofa tun kafin ya iso.

Sai ta ce ya tsaya da ƙafar dama kaɗai. Ya tsaya. Ta je ta sha ruwa, ta amsa waya, ta dawo, yana nan ƙyam. Ta ce to hagu. Ban kai uku a ƙirga ba ya rungumi sikeli.

Ta ce, "Baba, kada ka ji haushi. Ɗuwawunka na hagu barci yake yi."

Mutumin nan da ko a gabana ba ya kiran sunan wurin, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata. Can ya ce a hankali, "Tun yaushe?"

"Shekara nawa kake ɗinki?"

"Talatin da ɗaya."

"To tun lokacin."

Ta yi mana bayani, kuma na gane, don ba ta yi mana turancin likitoci ba. Naman da ke wurin shi ke riƙe ƙugu ya daidaita in mutum ya dira a ƙafa ɗaya. Nasa ya saba zaman banza, don haka duk sanda ya dira da hagu ƙugu sai ya zube, gwiwa ta faɗa ciki, dama kuwa ta zo da ƙarfinta na shekara talatin ta tura shi gefe. Ga shi yana wurga ƙafa can gaba ya dira da dunduniya, tim, kamar an jefar da buhu. Ta ce gwiwa ba ta da laifi, ita dai ake turawa ta karɓi dukan. In ya ci gaba a haka, ko babu kwata sai ya ji ciwo, kuma sai ya ja na gefensa.

Ta hana shi gudu mako shida. Ta ce kullum ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu sama ya riƙe. In yana goge baki, ya tsaya da hagu. Ya nemi bulo ya riƙa hawa yana sauka a hankali. Ya ɗaura roba a gwiwoyi ya yi tafiya ta gefe, taku ashirin nan, ashirin can. Sannan ta ce a sa katako a ƙarƙashin teburin nan, hagu ma ta koyi taka feda. Da ta faɗi wannan na ƙarshen na kalle shi, Allah ya sani na ji daɗi har cikin raina.

Ku san maigidana, in aka ce ya yi ashirin, gani yake rowa aka yi masa. Mai faci ya yanko masa robar cikin taya, ya ɗaura a gwiwa, maimakon ya yi abinsa a tsakar gida sai ya riƙa tafiya shago da ita. Daga ƙofar gida har shago a gicciye, bayansa ga gidajen mutane, fuskarsa ga titi, yana gaida kowa cikin mutunci. Mai faci kuwa ba ya riƙe magana, kafin la'asar duk layi ya san abin da likita ta ce. Gaisuwa ta canja. Da safe sai ka ji, "Ina kwana, Sha-Kwana? Mutumin ya tashi?" Shi kuma ba ya gane tsokana, sai ya tsaya ya amsa da gaske, "Da sauƙi, jiya ya ɗan motsa." Wata tsohuwa maƙwabciyarmu har ta ba da shawara a yayyafa masa ruwan sanyi. Ni kuwa kasuwa ma ta bayan gida nake bi.

Ranar da aka sa katakon bai ci abincin rana ba. Ya ɗora hagu a kan feda, keke ya juya da baya, zare ya tsinke, allura ta karye. Mako guda duk wandon da ya fito daga shagon nan ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya. Wani malamin makaranta ya sa nasa ya fita, ni da idona na ga yana tafiya yana karkata dama har ya shiga shagon mai aski, alhali ba aski ya fito yi ba. Maigida ya karɓo su duka ya farke ya sake, yana huci, bai dai cire katakon ba.

Yaya yana jin motsinmu daga ɗaki. Sau ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Auta, ka daina wahalar da kanka. Na haƙura." Maigida yana kwance a tsakar gida ƙugu a sama, jijiyar wuya ta fito. Ya gama ƙirga gomansa ya sake wani goman.

Bayan mako shida likita ta ce a fara gudu, amma ba irin na da ba. Taku gajere, da sauri-sauri, ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jiki ba can gaba ba, kuma a hankali, kamar mai wuce ɗakin da jariri ke barci. Ta ce in yana jin ƙarar ƙafarsa to bai yi daidai ba. Ta ba ni aikin buga masa lokaci. Haka na zama mai kiɗa da tsufana, ina tsaye a bayan makaranta da murfin tukunya da cokali, ƙwal ƙwal ƙwal, shi kuma ya ja layi da allin ɗinki taku ɗari yana bi. In ya kai ƙarshe sai ya ciro tef ya auna yadda ya kauce. Ranar farko yadi bakwai. Bayan mako biyu huɗu. Ya tsaya a yadi biyu har na fara cewa iyakarsa ke nan.

Sai wata safiya na ji ihu daga banɗaki, "Ya tashi! Wallahi ya tashi!" Na ruga na same shi yana dafe da wurin, buroshi a baki, tsaye a kan hagu ko rawa ba ya yi. Wai ciwo yake masa, irin ciwon wanda ya yi aiki. Ban taɓa ganin mutum yana murna da ciwon ɗuwawu haka ba. Likita ta duba ta ce gaskiya ne. Kafin wata na huɗu ya cika, abin da yake kaucewa bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma in yana gudu sai ka ga mutum yana tafiya ba ka jin komai. Nas ɗin ɗakin awo ta buɗe ƙofarta bisa sabo, ya wuce ta sak, har ta ɗan ji haushi.

Saura Yaya. Maigida ya wanke igiyar nan ya goge ta, ya shiga ya ɗora masa a cinya. Yaya ya shafa ta, ya miƙo masa abarsa, ya ce a ba yara su yi wasa. Ni kuwa abin ya zo mini wuya. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga masa murya ba, amma ranar na yi.

Na ce, "Haba Yaya! Haba don Allah! Wata huɗu mutumin nan yana tafiya a gicciye a gaban jama'a da robar taya a gwiwa. Ni ina buga murfin tukunya a titi kamar mahaukaciya. Duk layin nan ba wanda bai tambayi lafiyar ɗuwawunsa ba, sai kai da aka tashe shi dominka!"

Ya juyo da fuska wajena. Sannan ya ce, "Wane ɗuwawu?"

Ashe ba wanda ya gaya masa. Na zauna na ba shi labari tun daga ɗakin awon ciki. Ya fara da murmushi, ya koma dariya, ya yi ta yi har da tari da hawaye, maigida yana tsaye a bakin ƙofa kamar ya nutse. Da ya lafa sai ya ce, "Miƙo igiyar."

Likita ta ce kada a yi gaggawa, Yaya ma ya daɗe a zaune. Mako uku yana tashi daga kujera yana komawa ba tare da dafa hannu ba, yana ɗaga dunduniya a jikin bango, ni ina zagayawa da shi tsakar gida. Kumburin ƙafarsa ya ragu. Ya koma cinye abincinsa har yana cewa gishiri bai ji ba.

Muka koma hanyar bayan makaranta da sassafe. Wannan karon ban ɗauki murfin tukunya ba, gorar ruwa kawai. Suka sa hannu a madauki, maigida ya ce bismillah, suka tashi. Taku goma. Ashirin. Igiya a sake take, tana lilo a tsakaninsu. Suka wuce wurin da suka faɗa, ba abin da ya faru. Suka wuce taku ɗari a miƙe sak, ina bin su da sassarfa ina cewa alhamdulillahi.

Sai Yaya ya ja birki. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya zare hannunsa daga igiya, yana juya kai dama da hagu.

"Auta! Auta! Ina kake?"

"Ga ni nan, Yaya, kusa da kai."

"Wa kuka haɗa ni da shi? Na ce muku ba na son baƙo. Wannan ba ƙafar Auta ba ce."

Na iso ina haki na ce, "Shi ne, Yaya, wallahi shi ne. Gyara masa gudun aka yi."

Ya laluba har ya kama fuskar maigida, ya shafa sanƙon, ya shafa kunnuwa. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Tunda idona ya rufe, da ƙafarka nake sanin ina da ɗan'uwa a gidan nan. Ɗaya ta buga, ɗaya ta ja. Tun daga bakin titi nake jin ka. Watannin nan sai na ji tana raguwa, tana raguwa, har na daina jin ta. Na ɗauka tun ranar kwata ka daina bi ta ƙofata. Na ce na zame maka kaya."

Maigida, wanda sau goma yake wuce ƙofar nan a yini yana leƙawa, ya tsaya baki buɗe. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗaga ƙafar dama ya buga da ƙarfi, ya yi ƙoƙarin jan ta hagu irin na da, don Yaya ya ji. Abin ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Ƙafar da ya sha wahala wata huɗu yana koya mata hankali ta ƙi yin rashin hankali ko sau ɗaya. Na ji tsoro ya ce a cire katako a koma gidan jiya, a sake komawa kwata.

Bai ce haka ba. Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya kaɗe mata ƙasa, ya zura hannun Yaya a madauki ya sa nasa. Ya fara taku a wuri ɗaya, a hankali, duk saukar hagu sai ya ce, "Ga ni." Dama ta sauka, hagu ta sauka, "Ga ni, Yaya." Yaya ya karkata kunne yana saurare. Ƙafarsa ta fara bin lokacin. Suka matsa gaba.

Na tsaya a inda nake. Ina kallon bayansu, tsofaffi biyu da igiya mai jan zare, suna nisa a tsakiyar hanya, muryar maigida tana zuwa mini guntu-guntu da haki, ga ni, ga ni, ga ni. Can na ji numfashi ya fara gagararsa, maganar ta fara yankewa, sai na jiyo Yaya ya ɗaga murya.

"Ina jin ka, Auta. Kada ka daina."

Bai daina ba har suka kai ƙarshen hanyar. Ni kuwa na zauna a bakin kwatar nan na yi kukana, na shanye ruwan da na kawo musu.